Mudun Masu Kimiyya: Yadda Ake Lissafin Gas a Haɗuwar Sinadarai

Kowace shekara idan jarrabawar ƙarshe ta gabato, akwai wata irin tambaya a darasin kemistiri wadda takan sa gaban ɗalibai ya faɗi. Za a ce an ƙona giram kaza na wani abu, ko kuma an jefa wani ƙarfe a cikin asid, sa'an nan a ce ɗalibi ya faɗi gas lita nawa zai fito. Waɗansu sukan tsallake tambayar ɗungum. Waɗansu kuwa sun haddace lambar nan 22.4, sai su riƙa cusa ta duk inda suka ga kafa, ko ta dace ko ba ta dace ba. Wannan ya sa muka ga ya kyautu mu yi amfani da wannan fili mu warware maganar daki-daki da harshen da kowa ke ji, domin ɗalibi ya san dalilin kowane mataki da yake ɗauka.

Iyayenmu da sauran masu karatu kuma kada su ce wannan shafi na 'yan makaranta ne su wuce. Uwargida mai girki da tukunyar gas, da mai walda a bakin titi, da duk wanda yakan shiga ɗaki da kaskon gawayi a lokacin hunturu, kowannensu lissafin nan ya shafe shi, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Yadda ake auna gas

A kasuwa akwai mai sayar da kaya da sikeli, akwai kuma mai awo da mudu. Na farko nauyi yake dubawa, na biyu kuwa yawan wurin da kayan suka cika. A ɗakin gwaje-gwaje ma haka abin yake. Gari ko guntun ƙarfe mukan aza shi a sikeli mu karanta giram. Amma gas ba shi da nauyin kirki, kuma ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka ya fi sauƙi a tara shi a cikin kwalba ko sirinji mai lambobi a ga wurin da ya cika. Wannan wuri shi za mu riƙa kira girman gas, kuma da lita ake auna shi. A takardar jarrabawa za ku ga an rubuta dm³, to lita ke nan. Haka kuma cm³ dubu su ne lita ɗaya.

Sai dai gas yana da wani hali nasa. Idan ya ji zafi yakan kumbura, idan aka matse shi kuma yakan tsuke. Duk wanda ya taɓa barin balan-balan a rana, ko ya buga wa tayar keke iska, ya ga wannan da idonsa. Don haka idan mutum ya ce gas lita biyar ya yi shiru, bai gama magana ba, sai ya faɗi zafin wurin da kuma matsin da ke kan gas ɗin. Domin kowa ya yi awo da mudu ɗaya, masana suka tsai da wani yanayi: zafi digiri 0 na Salshiyas, wato 273 a ma'aunin Kelbin, matsi kuma milimita 760 na zaiba, wanda shi ne matsin iska a bakin teku. Shi ne littattafanmu ke rubutawa da harufan s.t.p. A nan za mu kira shi yanayin ƙa'ida.

Abin da Gay-Lussac ya gani, da abin da Avogadro ya gane

A shekarar 1808 wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Gay-Lussac ya bayyana cewa idan gas da gas suka haɗu suka haifi sabon abu, girmansu yakan bi rabo mai sauƙi na cikakkun lambobi, muddin zafi da matsi ba su canja ba. Ga misali, haidirojin lita biyu da oksijin lita ɗaya suna ba da tururin ruwa lita biyu. Naitirojin lita ɗaya da haidirojin lita uku kuma suna ba da amoniya lita biyu. Ku duba wannan na ƙarshe da kyau. Lita huɗu suka shiga, lita biyu suka fito. To, ina sauran biyun suka tafi? Ku riƙe tambayar, za mu amsa ta.

Wanda ya gano dalilin wannan rabo shi ne Amedeo Avogadro, mutumin Italiya, wanda ya fara da karatun lauya kafin ya koma ga kimiyya. A shekarar 1811 ya ce idan aka cika mazubi biyu masu girma ɗaya da gas iri biyu, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, to yawan ƙwayoyin da ke cikinsu daidai yake. Ƙwayoyin nan su ne ake kira molikul, wato atam biyu ko fiye da suka manne da juna suna yawo tare. Ya kuma ce haidirojin da oksijin atam bibbiyu suke tafiya, abin da ya sa muke rubuta H₂ da O₂.

Maganar tana da ban mamaki ga wanda ya saba da awon hatsi. Mudun acca da mudun masara girmansu ɗaya, amma ƙwayoyin accan sun ninka na masarar nesa ba kusa ba, domin hatsi a cunkushe yake, ƙwaya na gugar ƙwaya. Gas kuwa ƙwayoyinsa a warwatse suke, tazarar da ke tsakaninsu ta ninka jikinsu wajen sau goma, har ma mafi yawan mazubin fili ne kawai. Ku ɗauka yara ashirin ne ke guje-guje a filin ƙwallo. Ko masu ƙiba ne ko sirara, filin da suke zagayawa bai canja ba. Haka nan ƙwayar gas, ko babba ce ko ƙarama, wurin da take ci ɗaya ne.

Masanan zamaninsa ba su kula da maganar ba, har ya rasu a 1856. Sai a 1860, a wani taron masana kemistiri da aka yi a birnin Karlsruhe na ƙasar Jamus, wani ɗan ƙasarsu mai suna Cannizzaro ya farfaɗo da ita, ya nuna cewa ita ce za ta warware ruɗanin da ake ciki game da nauyin atam. Daga nan ta samu karɓuwa.

Mene ne mol?

Mai sayar da ƙwai da kiret yake ƙirga, kiret ɗaya ƙwai talatin. Mai goro da ƙwarya yake ƙirga, ƙwarya ɗaya goro ɗari. Mai kemistiri kuma da mol yake ƙirga, mol ɗaya ƙwayoyi 6.02 × 10²³ ne, wato lamba shida da waɗansu lambobi ashirin da uku a bayanta. An sa wa wannan adadi sunan Avogadro domin tunawa da shi. Don ku ji girmansa, da a ce mutanen duniya biliyan takwas za su zauna kowa yana ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, sai sun shafe fiye da shekara miliyan biyu kafin su gama ƙirga mol ɗaya. Amma duk yawan nan, mol ɗaya na ruwa giram 18 ne kacal, babban cokali ɗaya da ɗan ƙari.

Mol yana da fuska biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Ta farko nauyi ce. Idan ka tara nauyin atam ɗin da ke cikin abu ka rubuta giram a gabansa, ka sami nauyin mol ɗaya. Haidirojin giram 2, oksijin giram 32, kabon dayoksaid giram 44. Fuska ta biyu girma ce, kuma gas kaɗai ta shafa. Tun da yake ƙwayoyi masu yawa ɗaya wuri ɗaya suke ci, to mol ɗaya na kowane gas lita 22.4 yake cikawa a yanayin ƙa'ida. Jarka mai cin lita ashirin ke nan da ɗan ƙari. Ko haidirojin ne mai giram 2, ko kabon dayoksaid mai giram 44, jarkar ɗaya ce. Wannan shi ne mudun masu kimiyya.

A nan akwai abin lura. Tun 1982 ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, IUPAC, ta ɗan rage matsin ƙa'ida zuwa kilofaskal 100, wanda ya mai da lambar 22.7. Waɗansu littattafai kuma sukan yi lissafi da zafin ɗaki, inda mol ɗaya ke cika wajen lita 24. Saboda haka ku duba lambar da aka ba ku a takarda ku yi aiki da ita. Mu a nan 22.4 za mu bi.

Karanta ikweshan

Ikweshan shi ne jumlar da ke faɗin abin da ya shiga da abin da ya fito. Ga na amoniya:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Lambobin da ke gaban kowane abu, wato 1 da 3 da 2, ƙirga ce ta ƙwayoyi. Molikul ɗaya na naitirojin da uku na haidirojin suna ba da biyu na amoniya. Idan muka ninka kowanne da adadin Avogadro, sai mu ce mol ɗaya da mol uku suna ba da mol biyu. Da yake kuma duka ukun gas ne, muna iya cewa lita ɗaya da lita uku suna ba da lita biyu. Yanzu mun sami amsar tambayar da muka ajiye. Babu abin da ya ɓace. Atam takwas ɗin da ke warwatse a cikin molikul huɗu ne suka taru a cikin molikul biyu, gas kuwa yawan molikul yake bi wajen cin wuri. Sikeli zai ba da shaida: giram 28 da giram 6 suka shiga, giram 34 ya fito. Nauyi ba ya raguwa, amma girma yana iya raguwa ko ya ƙaru.

Wannan haɗuwa ce Fritz Haber ya yi nasarar gudanarwa a Jamus a 1909, Carl Bosch kuma ya mai da ita masana'anta a 1913. Daga amoniyar ake yin takin yuriya da manomanmu ke zuba wa masara. A masana'anta ba duka gas ɗin ke haɗuwa a zagaye ɗaya ba, sai an riƙa mai da ragowar cikin tukunya, amma rabon da ake ɗurawa shi ne ɗaya ga uku ɗin nan.

Idan duk abubuwan da ake tambaya gas ne, ba a bukatar 22.4 sam. Ga wata tambaya irin ta jarrabawa. An ƙona gas ɗin metan cm³ 20 a cikin oksijin cm³ 60, sa'an nan aka bari ya huce. Gas nawa ya rage?

CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O

Rabon metan da oksijin ɗaya ga biyu ne, saboda haka cm³ 20 zai cinye 40, saura oksijin 20. Kabon dayoksaid da ya fito shi ma 20 ne. Tururin kuwa ya koma ruwa da aka huce, ɗigon da ba ya shiga lissafi. Amsa ita ce cm³ 40.

Matakai huɗu

Idan tambaya ta haɗa giram da lita, sai an bi ta kan mol. Mai akuya da ke son turmin atamfa ba ya kai akuyar shagon mai yadi. Yakan sayar da ita ya karɓi kuɗi, sa'an nan ya sayi atamfar da kuɗin. To, mol shi ne kuɗin wannan kasuwa. Ga matakan:

1. Rubuta ikweshan, ka daidaita shi har atam ɗin hagu su yi daidai da na dama.
2. Mai da abin da aka ba ka zuwa mol. In giram ne, raba da nauyin mol ɗaya. In litar gas ce a yanayin ƙa'ida, raba da 22.4.
3. Dubi lambobin ikweshan ka ga mol nawa na abin da ake nema zai samu.
4. Mai da mol ɗin zuwa lita ta hanyar ninkawa da 22.4.

Bari mu gwada da dutsen farar ƙasa, wanda masana ke kira kalsiyam kabonet. Shi ne ake gasawa a masana'antun siminti irin na Ashaka a Jihar Gombe da na Sakkwato. Idan ya sha wuta sosai yakan rabu biyu:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Nauyin mol ɗaya na dutsen shi ne 40 da 12 da 48, wato giram 100. A ce an gasa giram 25. Mun raba 25 da 100, mun sami mol 0.25. Rabon ɗaya ga ɗaya ne, don haka gas ɗin ma mol 0.25 ne. Mun ninka da 22.4, mun sami lita 5.6. Shi ke nan. Da a ce tan ɗaya na dutse zalla aka gasa, mol 10,000 ke nan, gas lita 224,000, nauyinsa kilo 440. Wannan zai cika ajin da tsawonsa mita takwas ne, faɗinsa bakwai, tsayinsa huɗu, tun daga daɓe har rufi. Da irin wannan lissafi ake gane cewa yin siminti yana cikin manyan hanyoyin da ke ƙara kabon dayoksaid a sararin samaniya.

Misali na biyu daga rumfar mai walda. Idan ya zuba wa kabayid ruwa, gas ɗin asitilin ne ke fitowa:

CaC₂ + 2H₂O → Ca(OH)₂ + C₂H₂

Mol ɗaya na kabayid giram 64 ne. Kilo ɗaya ya ƙunshi mol 15.6, wanda zai ba da gas lita 350 idan kabayid ɗin zalla ne. Na kasuwa yana da gauraye, don haka abin da yake bayarwa bai kai haka ba. Wajen ƙona shi kuma ga ikweshan:

2C₂H₂ + 5O₂ → 4CO₂ + 2H₂O

Biyu ga biyar ke nan. Lita 350 na bukatar oksijin lita 875 kafin ya ƙone sarai. Shi ya sa mai walda ke ajiye doguwar tukunyar oksijin a gefe. Idan ya rage oksijin, harshen wutar yakan yi ja-ja yana baƙin hayaƙi, idan ya daidaita shi kuma sai ya koma shuɗi mai narka ƙarfe.

Idan ɗaya ya ƙare kafin ɗaya

Mai haɗa kekuna da ke da firam goma da taya goma sha biyu, keke shida zai haɗa, firam huɗu su zauna jiran taya. A haɗuwar sinadarai ma wanda ya fara ƙarewa shi ke yanke yawan abin da za a samu. A ce an jefa zinki giram 6.5 a cikin asid mai ɗauke da HCl mol 0.1:

Zn + 2HCl → ZnCl₂ + H₂

Nauyin mol ɗaya na zinki giram 65 ne, don haka muna da mol 0.1. Mai gaggawa zai ce haidirojin mol 0.1 zai fito, wato lita 2.24. Amma ikweshan ya ce kowane mol na zinki yana neman mol biyu na asid. Ana bukatar 0.2, abin da ke akwai kuwa 0.1 ne. Asid zai ƙare, rabin zinkin ya kwanta a gindin kwalba. Haidirojin mol 0.05 ne zai fito, wato lita 1.12. Duk tambayar da ta ba ka adadin abu biyu, to tsaya ka binciki wanda zai riga ƙarewa.

Idan ba a yanayin ƙa'ida ake ba

Babu ajin da ke ƙasarmu da zafinsa yakan zauna a digiri 0. Saboda haka bayan an sami amsa a yanayin ƙa'ida, sau da yawa akan nemi a mai da ita zuwa yanayin da ake ciki. Doka biyu ke aiki a nan. Ta Boyle, wadda ya bayyana a 1662, ta ce idan matsi ya ƙaru girma yakan ragu. Ta Charles kuma ta ce idan zafi ya ƙaru girma yakan ƙaru. Idan aka haɗa su sai a sami:

P₁V₁/T₁ = P₂V₂/T₂

P matsi ne, V girma, T kuma zafi a ma'aunin Kelbin, wato digirin Salshiyas a tara da 273. Mu ɗauki lita 5.6 ɗin nan da muka samu daga dutsen farar ƙasa mu kai shi Jos, wadda ke kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, inda matsin iska yake wajen milimita 660. A ce zafin ranar digiri 27 ne, wato 300 na Kelbin. Sai mu ninka 5.6 da 760 bisa 660, mu sake ninkawa da 300 bisa 273. Amsa lita 7.1. Mol ɗin bai canja ba, yana nan 0.25, wurin da ya cika ne ya ƙaru. Kafin ka miƙa takarda ka tambayi kanka: zafi ya ƙaru, matsi ya ragu, shin amsata ta fi ta farko girma? In ba ta fi ba, ka kifar da wata lamba.

Inda aka fi yin tuntuɓe

Na farko, fara lissafi da ikweshan da ba a daidaita ba. Idan tushe ya karkace, duk abin da aka ɗora a kai zai karkace.

Na biyu, ninka 22.4 da abin da ba gas ba. Mol ɗaya na ruwa cm³ 18 kawai yake cikawa.

Na uku, mantawa cewa oksijin da haidirojin da naitirojin da kulorin bibbiyu suke. Mol ɗaya na gas ɗin oksijin giram 32 ne, wanda ya rubuta 16 ya ninka amsarsa sau biyu.

Na huɗu, sa digirin Salshiyas a cikin lissafi kai tsaye. Daga digiri 20 zuwa 40 gas ba ya ninkuwa biyu. Daga 293 ne zuwa 313, ƙarin bai wuce kashi bakwai cikin ɗari ba.

Na biyar, cuɗa cm³ da dm³, ko barin amsa tsirara ba tare da an rubuta ma'auninta ba.

Lissafin da ke tsare rai

Yanzu mu fita daga aji mu shiga gida. Gas ɗin girki galibinsa butan ne, wanda mol ɗinsa giram 58 ne. An matse shi ya zama ruwa a cikin tukunya, shi ya sa ake jin motsinsa idan an girgiza. Tukunya mai kilo 12.5, idan muka ɗauka butan ne zalla, tana da mol 215 da ɗoriya, wato gas fiye da lita 4,800. Butan kuwa yana kama wuta da zarar ya kai wajen kashi biyu cikin ɗari na iskar ɗaki. Kicin mai mita uku ta kowane ɓangare yana cin iska lita 27,000, kashi biyu cikin ɗari nata lita 540 ne, wato mol 24, ƙasa da kilo ɗaya da rabi. Tun kafin ma a kai haka haɗarin ya samu, domin butan ya ninka iska nauyi sau biyu, yakan kwanta ya taru a ƙasa. Duk wanda ya ji warin gas kada ya ƙyasta ashana, kada ya taɓa makunnin lantarki. Ya rufe kan tukunyar, ya buɗe ƙofa da tagogi, ya fitar da kowa waje.

Sai gawayi, wanda mafi yawansa kabon ne. Idan iska ta wadata, ga yadda yake ci:

C + O₂ → CO₂

Giram 12 na kabon yana cinye oksijin lita 22.4. Kilo ɗaya mol 83 ne, yana neman wajen lita 1,870. Ɗakin kwana mai mita uku da uku, tsayinsa biyu da rabi, yana da iska lita 22,500. Oksijin kuwa kashi 21 ne cikin ɗari na iska, wato lita 4,725. Ke nan kilo ɗaya na gawayi zai iya lashe kusan kashi biyu cikin biyar na oksijin ɗin ɗakin idan an toshe ko'ina. Abin bai tsaya nan ba. Gawayin da ke ci a hankali ba tare da isasshiyar iska ba wani gas yake haifarwa:

2C + O₂ → 2CO

Wannan shi ne kabon monoksaid. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da ɗoriya. Idan ya kai kashi biyu cikin dubu na iskar ɗaki, yana iya kashe mutum cikin sa'a ɗaya ko biyu. Mu bi matakanmu. Kashi biyu cikin dubu na 22,500 lita 45 ne. Mun raba da 22.4, mun sami mol biyu. Rabon kabon da gas ɗin biyu ga biyu ne, saboda haka kabon mol biyu ne, wato giram 24. Ɗan gawayin da bai cika tafin hannu ba, idan ya bi ta wannan hanya, ya isa ya halaka masu barci a ɗakin.

Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Don haka idan za a ɗumama ɗaki da kasko, a bar taga a buɗe, kuma a fitar da wutar waje kafin a kwanta. Janareta ma wannan gas yake fitarwa, wurinsa waje ne, nesa da ƙofa da taga. Wanda aka tarar ya galabaita a irin wannan ɗaki, a fito da shi sarari nan da nan a garzaya da shi asibiti. Rigakafi dai ya fi magani.

Ku gwada da kanku

Ga tambayoyi uku domin hutu. Ku yi su kafin ku leƙa amsa.

1. A 2CO + O₂ → 2CO₂, oksijin cm³ nawa ake bukata domin ƙona CO cm³ 50?
2. A 2KClO₃ → 2KCl + 3O₂, oksijin lita nawa giram 24.5 zai bayar a yanayin ƙa'ida, idan nauyin mol ɗaya giram 122.5 ne?
3. A Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂, giram nawa na Mg zai ba da haidirojin lita 5.6, idan nauyin mol ɗaya giram 24 ne?

Amsoshi: ta farko cm³ 25, ta biyu lita 6.72, ta uku giram 6.

Wanda ya ci duka ukun ya taimaki abokinsa da bai ci ba, domin wajen koya wa wani ne karatu ke zama daram. Wanda ya faɗi kuma ya koma kan matakai huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, sannu ba ta hana zuwa. Muna kuma roƙon kowane ɗalibi, idan ya isa gida, ya karanta wa mutanen gidansu sashen nan na gawayi kafin sanyin bana ya kankama. Muna yi wa masu fita fatan nasara a jarrabawarsu.